Za mu shiga jirgi a Lagdo da iyali: wace rigar ceto zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Garwa ne, a arewacin Kamaru. Ina so in kai iyalina tafkin Lagdo a hutun Sallah, mu ɗauki hayar kwalekwale mai inji mu zaga tsibirai. Mu biyar ne: ni, mai ɗakina, 'yarmu mai shekara 11, ɗanmu mai shekara 5, da jaririya 'yar wata 7. Ni na iya ruwa, sauran ba su iya ba. Mai jirgin ya ce yana da rigunan ceto a ƙarƙashin benci in wani abu ya taso. Na kuma ga wasu a kasuwa, masu arha da masu tsada. Nasa sun wadatar, ko in saya? In saye ne, wace iri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka yi wannan tambayar tun kana tudu. Na daɗe ina tuƙa jirgi mai inji a Binuwai da Lagdo, ina kuma koya wa matasan matuƙa aikin ceto, don haka zan ba ka amsa kamar yadda zan ba ƙanina.

Maganar mai jirgin ce ta fi tsaya mini a rai, don kusan kowane matuƙi haka yake faɗa, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma rigar da ke ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. Kwalekwale ba ya ba da lokaci. Igiyar ruwa ta doke shi ta gefe, ko ya hau kututture, ko mutane su karkata wuri guda, kafin ka gama salati kowa yana cikin ruwa. Rigunan kuwa, wasu iska ta kwashe su tunda ba su da nauyi, wasu su maƙale a ƙarƙashin jirgin da ya kife. Ko an yi sa'a ka cafko guda, saka ta a cikin ruwa da ɗaure maɗauranta aiki ne da ke wahalar da wanda ya koya ma, balle yaro ɗan shekara 5 da ruwa ya shiga masa hanci. Daidai take da hular kwanon da mai babur ya rataye a gwiwar hannu. A Amurka, inda hukumar tsaron gaɓar teku ke ƙidaya haɗurran jiragen shaƙatawa duk shekara, abu guda ke ta maimaituwa: fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ruwa ya ci ba sa sanye da rigar, alhali da yawa daga cikin jiragen da riguna a ciki. Saboda haka kowa ya saka tasa, a ɗaure, tun a gaɓa kafin ƙafa ta taka jirgi, kuma kada a cire sai an dawo an taka ƙasa.

Har da kai. Ka ce ka iya ruwa, kuma na yarda, amma mu a bakin ruwa cewa muke yi ruwa gwani yake ci. Iyon da aka koya a gefen Binuwai lokacin rani, inda in ka gaji ka miƙe ka taka yashi, daban yake da tsakiyar Lagdo. Madatsar da aka gina tsakanin 1977 da 1982 ta tare ruwan da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 586, kuma daji ne ruwan ya rufe, shi ya sa har yau akwai kututturan itatuwa a ƙasa. Kana iya faɗawa nesa da gaɓa da kilomita da yawa, da tufafi a jikinka, wataƙila gefen jirgi ya buge ka a ka. Sannan ka tuna ba kai kaɗai za ka riƙe ba. Wanda bai iya ruwa ba, in ya firgita, duk abin da hannunsa ya kai shi zai ƙanƙame ya hau, kuma kai ne za su nufa. Uba mai riga yana da hannu biyu na kama 'ya'yansa. Uba marar riga da hannayen nan yake neman numfashin kansa.

To, ka saya. Na mai jirgi galibi girma ɗaya ne, na manya, sun sha rana, an zauna a kansu har sun lotsa, kuma da wuya ka sami ta yaro a ciki.

In ka je kasuwa, kada launi ya ja ka. Juya rigar ka duba rubutun da aka buga a cikinta. Rigar ƙwarai tana ɗauke da lambar ƙa'idar da aka gwada ta a kai, mafi yawa ISO 12402 tare da tambarin CE na Turai, ko tambarin amincewar hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka, ko kalmar SOLAS a kan na manyan jiragen teku. A kan mai lambar ISO za ka ga adadi da harafin N a gefensa: 50, 100, 150 ko 275. Wannan shi ne ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum da shi, kuma kowane 10 daidai yake da kusan kilo 1. Mutane kan yi mamaki: yaya rigar da ke ɗaga kilo 10 za ta riƙe ƙato mai kilo 90? Dalili shi ne yawancin jikin ɗan Adam ruwa ne, ga kitse da iskar huhu da ke taso da shi, don haka in ya shiga ruwa nauyin da ya rage masa 'yan kilo ne kawai. Aikin rigar ta ɗauke wannan ragowar ta fitar da baki da hanci sama.

Bambancin da ya shafe ku yana tsakanin 50 da 100. Mai 50 ba ta da tudun wuya, tana da daɗin sakawa, ita ce masu wasan tseren kwalekwale ke so. Amma taimako kawai take wa wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. In mutum ya suma, ba za ta juyo da shi ba, zai iya yin rub da ciki a kan ruwa yana sanye da ita. A rubutun Faransanci za ka ga an sa mata "aide à la flottabilité", ba "gilet de sauvetage" ba. Mai 100 tana da tudu a bayan wuya, kuma an tara yawancin sosonta a ƙirji, domin ta kwantar da mutum rigingine ta tallafi kansa. Ita nake so ka saya wa mai ɗakinka da yaran biyu, kuma ita nake so ka saya wa kanka. Mai 150 ta fi ƙarfin juyo da wanda ya suma, in ka samu ta soso kuma ta zauna wa mai ita daidai, madalla, sai dai ta fi kauri, kuma a zafin Garwa rigar da ta cika takura cire ta ake yi a tsakiyar tafiya. Mai 275 ta ma'aikatan teku ce masu kaya masu nauyi, ba ruwanku da ita.

Akwai wata siririya mai kama da gyale da ake ratayawa a wuya, wadda ke kumbura da kanta. A cikinta akwai 'yar kwalbar iskar gas, ga mai 150 yawanci giram 33, da wani ƙwayar abu da ke narkewa in ya taɓa ruwa ya saki allurar da ke huda kwalbar. Riga ce mai kyau a hannun wanda ya san ta. Amma tana son dubawa duk shekara, ƙwayar tana da ranar lalacewa, in ta kumbura sau ɗaya sai an sake kwalba, kuma kayan gyaranta ba a ko'ina ake samu ba a nan Arewa. Ba a ba wa ƙananan yara, ba a ba wa wanda bai iya ruwa ba. Ta gwanjo kuwa ba ka da tabbacin ko kwalbar da iska a ciki. Ka bar ta, ka ɗauki ta soso, wadda ba ta jiran wata na'ura kafin ta yi aikinta.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a kasuwanninmu. Soson rigar ƙwarai mai rufaffun ƙofofi ne, ba ya shan ruwa. In ka matsa shi da yatsu za ka ji tauri, in ka saki ya dawo. Na jabu soson katifa ne ko tarkacen abin naɗe kaya aka cusa a cikin yadi mai ruwan lemo. Minti na farko yana iya ɗaga mutum, daga nan ya sha ruwa ya koma kaya. A farkon 2016 'yan sandan Turkiyya sun kama irin waɗannan fiye da 1,000 a wani wurin ɗinki a Izmir, waɗanda ake sayar wa 'yan gudun hijira masu tsallaka teku. Rubutun ciki ma ana iya ƙirƙirarsa, don haka kada ka tsaya a kansa. Ja kowane maɗauri da ƙarfi ka ga ko ɗinkin zai buɗe. Ɓalla maɓallin roba ka sake haɗawa, ka finciko shi. In ya kuɓuce, ajiye. In ka kai gida, danna rigar a cikin duro ka ɗora mata nauyi ta kwana a ƙarƙashin ruwa. Da safe ka ciro: ta ƙwarai za ta tsane nan da nan, nauyinta bai canza ba, ta jabu za ta yi nauyi, in ka matse ta ruwa ya yi ta zuba. Ka kuma ɗaura wa rigar babba mai 100 ƙarfe na kilo 7 ko 8 ka sake ta a ruwa, ya kamata ta riƙe shi. Ka yi wannan sharaɗin da mai kaya tun wajen ciniki, cewa in ta faɗi gwaji za ka mayar.

A gwanjo za ka iya cin karo da tsofaffin riguna masu laushi kamar matashin kai. Waɗannan audugar rimi ce a ciki, an rufe ta a jakar leda. Audugar rimi tana da kyau wajen tasowa, da ita aka yi ta yin rigunan ceto kafin zuwan soson roba, amma da zarar ledar ta huje sai ta jiƙe ta dunƙule. Matsa ta kusa da kunnenka, in ka ji iska na fita ko ka ji ƙulli mai tauri, ta gama aiki.

Bayan inganci sai zama daidai a jiki, kuma nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Mun saba sayen wa yaro kaya da ɗan girma don ya daɗe yana sakawa. A rigar ceto wannan haɗari ne. In ta yi masa yawa, da ya faɗa ruwa rigar za ta yi sama, shi ya zame ta ƙasa, sai a tarar da riga tana yawo ba yaro. Na yara da nauyi ake auna su, ba da shekaru ba, kuma an rubuta a jiki, misali kilo 15 zuwa 30, ko 30 zuwa 40. Ka auna su a sikeli kafin ka fita, in da hali ka tafi da su kasuwar. Saka wa yaro, ɗaure daga maɗaurin ƙasa zuwa na sama, ka ce ya ɗaga hannu, sai ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura ta rufe masa haɓa ko kunnuwa, ta yi yawa. Ta ɗan shekara 5 lalle ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, da tudun wuya, da 'yar igiyar kamawa a bayan wuya wadda za a ciro shi da ita. Wannan maɗaurin na tsakanin cinyoyi shi aka fi bari yana reto, kuma shi ne ke hana rigar fita ta kai. Na manya da faɗin ƙirji ake auna su. A ɗaure har ya zamana da ƙyar hannu ke shiga tsakanin riga da jiki. Ka zaɓi ruwan lemo ko ɗorawa mai haske, da usur a ɗaure a jiki, da ƙyalle mai walƙiya in an haska. Shuɗi da baƙi ɓacewa suke yi a idon mai nema.

Jaririyar kuma, Malam, ina roƙonka a bar ta a gida wajen kakarta ko gwaggonta. Wuyanta bai yi ƙwari ba, kanta ya yi wa jikinta nauyi, kuma samun rigar da za ta zauna wa 'yar wata 7 da gaske abu ne mai wuya a nan. Abin da ya fi wannan shi ne goyo. Uwa za ta goya ta kamar yadda ta saba, to ina za a ɗaura rigar? In an ɗora a kan goyon ba za ta ɗauru ba. In kuma ta ɗauru, ka tuna an ƙera ta ne ta kwantar da mai ita rigingine. Uwa ta taso fuskarta sama, jaririya tana bayanta a ƙarƙashin ruwa, kuma kwance zanin goyo da ya jiƙe a cikin firgici ba ƙaramin abu ba ne. Riƙo a hannu ma ba tabbas, don faɗuwar farko ke fizge yaro. In babu wanda za a bar wa, gara uwar ta zauna da ita a inuwa a bakin tafki, ku ku zaga ku dawo.

Tufafin Sallah ma a duba. Babbar riga ta tsaya a mota, ka shiga da 'yar shara da wando. Tufa ba ta jan mutum ƙasa kamar yadda ake zato, amma tana naɗe hannu da ƙafa, tana kama raga ko reshe, kuma tana yin nauyi lokacin da ake ƙoƙarin jawo mutum cikin jirgi. Mai ɗakinka da 'yarku su sa wando a ƙarƙashin zani ko doguwar riga, don maɗaurin ƙasa ya sami hanya. Hijabi ya zama gajere, a cusa gefensa cikin rigar ceto, rigar ta kasance a sama. In aka sa dogon hijabi a kan rigar, ruwa zai taso da shi ya lulluɓe fuska. Sutura ba ta ragu da komai ba a haka.

Kafin ranar, ka kai su wuri marar zurfi, marar gudu, wanda ka sani, ruwa iya ƙugu, kowa da rigarsa. Su kwanta rigingine su saki jiki su ji yadda take ɗaga su. Yaron da ya taɓa jin haka ba ya firgita kamar wanda bai taɓa ba. A guji inda ake haƙar yashi, don ramuka ne a ƙasa.

Ranar tafiya, ku fita da safe. A ƙarshen bazara da farkon damina hadari kan haɗu da yamma, iskar da ke gabansa kuma tana tayar da igiyar ruwa a Lagdo cikin ɗan lokaci. Da ka ga gabas ta yi baƙi, a juya. A hunturu hazo ne ke ɓoye gaɓa, ruwan ma da sanyi. Kada magariba ta same ku a kan ruwa. Dubi jirgin bayan kowa ya zauna: in gefensa ya kusa shafar ruwa, lodi ya yi yawa, ku sauka ko da kun biya. Tabbatar akwai filafili, da abin kwarfe ruwa, da igiya, da jarka mai lita 20 wadda ba komai a ciki, murfinta a ɗaure. Irin wannan jarkar tana ɗaga kusan kilo 20, kuma tana da amfani wajen jefa wa wanda ya faɗa, amma ba ta maye riga, don sai an riƙe ta, hannu kuwa gajiya yake yi. Kowa ya zauna inda aka sa shi. Tsayuwar ɗaukar hoto da tururuwa gefe guda don kallon dorina sun kifar da jirage da yawa a ruwan da ko motsi ba ya yi. Dorina daga nesa ake kallonta, musamman mai ɗa, kuma kada matuƙi ya kusanci bakin madatsar don burge ku. In jirgin mai rumfa ne, ku zauna inda fita ke da sauƙi. Ka gaya wa wani a tudu inda kuka nufa da lokacin dawowa.

In Allah ya ƙaddara aka kife, abu na farko ka ƙirga kawuna. Ku tsaya tare da jirgin, don na katako sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masunta sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Kada ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa ka kira taimako. A kan ruwa tudu yana yin kusa a ido alhali da nisa. Ku rungumi juna, yara a tsakiya, wannan yana rage sanyi yana kuma kwantar da hankali. Ku busa usur. In a kogi ne, kamar Binuwai ko Logon lokacin cika, a kwanta rigingine ƙafa ta fuskanci inda ruwa ya nufa, a riƙa karkata zuwa gaɓa sannu a hankali, a nisanci ragar masunta da itacen da ya faɗo. Wanda aka ciro ba ya numfashi, a kwantar da shi a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta yi har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Kada a ɓata lokaci ana danna ciki ko ana rataye shi kai ƙasa wai a fitar da ruwa. Ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti, don huhu kan rikice bayan sa'o'i.

Na san za a sami wanda zai ce maka a bakin jirgi, ai in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne ajali na Allah ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a shekarar 2021, kuma yara ƙanana suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. 'Ya'yan nan amana ce a hannunka, su kuma ba su ne suka zaɓi shiga jirgin ba. In matasa suka yi maka dariya don kai kaɗai ne babba mai riga, ka bar su. Ɗanka yana kallonka, in ka cire shi ma zai cire.

Bayan kun dawo, a ɗauraye rigunan da ruwa mai tsabta a shanya su a inuwa, don rana tana cinye yadin da maɗauran har su riƙa yagewa a hannu. Kada a bar su a but ɗin mota, kada fetur ya taɓa su, kada a mai da su abin zama ko matashi, soson in ya lotsa ƙarfinsa ya ragu. A rataye su inda ɓera ba zai kai ba. Duk lokacin da za a sake fita, a sake auna yaran a maimaita gwajin ɗaga kafaɗa, don wadda ta yi wa ɗanka daidai bana tana iya matse shi baɗi; in ta matse, sai a ajiye wa ƙanwarsa har nauyinta ya kai abin da aka rubuta a jiki. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida iyali.